Yadda ake samun lasisin aikin ba da shawara da jin daɗin jama'a a Amurka

Duk wanda ya karanci aikin jin daɗin jama'a ko na ba da shawara a Najeriya, ko Nijar, ko Gana, sannan ya sami kansa a Amurka da niyyar ci gaba da wannan sana'a, abu na farko da ya kamata ya cire daga ransa shi ne zaton cewa akwai wata hukuma guda ta ƙasa da za ta ba shi izinin aiki. A Najeriya, likitan da ya yi rajista da majalisar likitoci ta ƙasa yana iya duba marar lafiya a Sakkwato yau, gobe ya duba wani a Kalaba da takarda ɗaya. A Amurka ba haka abin yake ba. Kowace jiha daga cikin jihohi 50, har da gundumar babban birnin ƙasar, tana da dokarta da hukumarta da sharuɗɗanta, kuma lasisin da Teksas ta bayar ba ya halatta wa mai shi ya yi jinyar mutumin da ke zaune a Niyok, ko da ta waya ko ta bidiyo ne, domin doka tana duba inda mai neman taimako yake a lokacin ganawar.

Saboda haka, kafin a biya ko sisi ga wata makaranta, sai a fara yanke shawarar jihar da za a zauna, a shiga shafin intanet na hukumar lasisinta, a karanta sharuɗɗan tun daga farko har ƙarshe. A Kaliforniya hukumar ita ce BBS, a Teksas majalisar BHEC ce ke riƙe da harkar tun 2020, a Niyok kuwa ofishin kula da sana'o'i ne da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jihar. Mutanenmu sun fi son su tambayi ɗan'uwan da ya riga su shiga aikin, kuma babu laifi a tambaya, sai dai idan ɗan'uwan yana Filorida mai tambaya kuma yana Ilinoi, amsar da za a ba shi tana iya zama gaskiya tsantsa amma ba ta shafe shi ba. Duk wani bayani da ya zo daga bakin mutum, har da wanda ke cikin wannan rubutu, sai an gwada shi da abin da hukumar jihar ta wallafa kafin a gina komai a kansa.

Hanyoyi uku da ke kai wa ga ɗakin ganawa

Masu zama da mutane su saurari damuwarsu, su gano abin da ke damun tunaninsu, su yi musu jinya ta hanyar zantawa ba tare da rubuta magani ba, galibinsu sun biyo ɗaya daga cikin hanyoyi uku ne, kuma dukkan ukun suna buƙatar digiri na biyu. Hanya ta farko ita ce ta ma'aikacin jin daɗin jama'a, wadda ƙololuwarta ita ce lasisin LCSW. Ta biyu ita ce ta mai ba da shawara kan lafiyar tunani, wadda sunan lasisinta ke sauyawa daga jiha zuwa jiha: LPC a Teksas, LMHC a Niyok da Filorida, LPCC a Kaliforniya, LCPC a Ilinoi. Jihar Bajiniya ce ta fara ba da wannan lasisi a 1976, Kaliforniya kuwa ita ce ta ƙarshe da ta amince da shi, a 2009. Ta uku ita ce ta mai jinyar matsalolin aure da iyali, wato LMFT. Masanin halayyar ɗan Adam mai digirin digirgir, wanda ke rubuta jarrabawar EPPP, da likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani, hanyoyinsu dabam ne, ba su ne zancenmu ba.

Idan baƙo daga ƙasashenmu ya nemi shawarata, zan karkata shi zuwa hanyar farko. Dalilina shi ne ita ce ke da tsayayyen tsari na tantance digirin da aka yi a ƙasar waje, jarrabawarta ɗaya ce a kusan ko'ina, kuma ƙofofin aikinta sun fi yawa, daga asibitoci da makarantu har hukumomin kula da yara da 'yan gudun hijira. Wannan ba raina sauran ba ne. Tun daga 1 ga Janairu 2024 shirin inshorar lafiya na tsofaffi, Medicare, ya fara biyan masu ba da shawara da masu jinyar iyali kai tsaye, abin da ya rage wani babban giɓi da ke tsakaninsu da masu LCSW. Wanda zuciyarsa ta fi karkata ga sasanta ma'aurata, musamman idan Kaliforniya zai zauna, inda aka fara ba da lasisin wannan fanni tun 1963, to hanya ta uku ta fi dacewa da shi.

Makaranta da digiri

Ba kowane digiri na biyu hukumomin ke karɓa ba, kuma a nan ne wasu ke yin asarar da ba ta gyaruwa. Ga aikin jin daɗin jama'a, dole ne shirin karatun ya sami amincewar majalisar CSWE, wadda aka kafa a 1952 kuma ita ke tantance makarantun wannan fanni. Majalisar ta wajabta wa ɗalibin digiri na farko aƙalla awa 400 na koyon aiki a wata hukuma ko asibiti, ɗalibin digiri na biyu kuwa aƙalla awa 900. Digirin MSW, wato digiri na biyu a wannan fanni, yakan ci shekara biyu, amma wanda ya riga ya yi digirin farko na BSW a makarantar da aka amince da ita yana iya gamawa cikin kimanin shekara guda. Ga masu ba da shawara, majalisar da ke tantancewa ita ce CACREP, wadda ke neman kwasa-kwasai masu nauyin maki 60, da awa 100 na gwajin farko, da awa 600 na koyon aiki waɗanda 240 daga ciki sai an yi su gaba da gaba da masu neman taimako. Masu jinyar iyali kuma suna da tasu, COAMFTE. Dukkan majalisun uku suna da jerin makarantun da suka amince da su a shafukansu, kuma duba sunan makaranta a can ba zai ci minti biyar ba. Kada a yarda da tallar da ke cewa an amince da jami'a gaba ɗayanta, domin amincewar da hukumar lasisi ke nema ta wannan shirin karatun ce shi kansa.

Wanda ya zo da digirin aikin jin daɗin jama'a daga gida, sai ya miƙa shi ga sashen ISWDRES na majalisar CSWE, wanda aikinsa shi ne ya auna digirin waje ya faɗi ko ya yi daidai da BSW ko MSW na Amurka. Za a nemi cikakken sakamakon karatu da bayanin abin da kowane kwas ya ƙunsa da shaidar koyon aikin da aka yi, da fassara idan takardun da Faransanci suke, kamar na 'yan Nijar da Chadi. Tun da kowa ya san yadda fitar da sakamakon karatu daga jami'o'inmu kan ja lokaci, hikima ita ce a fara neman sa tun kafin a bar gida, a kuma adana kwafin manhajar kwasa-kwasan, domin bayan shekara goma ba lalle ba ne a sami wanda zai nemo ta a sashen. Wanda ya karanci ilimin zamantakewa ko halayyar ɗan Adam kada ya ɗauka za a lissafa masa shi a matsayin aikin jin daɗin jama'a, amma digirin nasa zai iya ba shi gurbin shiga MSW na shekara biyu. Masu digirin ba da shawara daga waje ba su da irin wannan ƙofa guda: hukumar jiha kan tura su ga kamfanonin tantance takardu, kamar WES, sannan ita da kanta ta duba kwas bayan kwas ta ce a cike abin da ya rage.

Awannin aiki a ƙarƙashin mai dubawa

Wannan ne matakin da ya fi kowane tsawo, kuma shi ne ya fi cin shekarun mutane a banza, ba jarrabawa ba. Bayan an gama digiri ba a buɗe ofishi a fara karɓar mutane. Sai an yi rajista da hukumar jiha a matsayin mai koyon aiki, ko a karɓi lasisin matakin farko kamar LMSW, sannan a yi aiki na kimanin shekara biyu zuwa uku a ƙarƙashin wani ƙwararre mai cikakken lasisi wanda zai riƙa duba aikin yana sa hannu. Rajistar kan haɗa da ɗaukar zanen yatsu da binciken ko mutum ya taɓa aikata laifi, kuma wanda ke da wani abu a tarihinsa gara ya faɗe shi da bakinsa idan an tambaya, domin hukumomi sun fi tsananta wa ɓoyewa fiye da laifin da ya daɗe da wucewa.

Adadin ya bambanta. Kaliforniya tana neman awa 3,000 cikin aƙalla mako 104 ga dukkan hanyoyin uku. Teksas tana neman awa 3,000 ga mai ba da shawara, rabinsu gaba da gaba da masu neman taimako, cikin aƙalla wata 18, ga mai neman LCSW kuwa awa 3,000 cikin aƙalla wata 24 tare da awa 100 na zama da mai dubawa. Niyok tana neman shekara uku cur ga LCSW, da awa 2,000 na ganawa da awa 100 na dubawa. Filorida tana neman shekara biyu, da awa 1,500 na jinya fuska da fuska, da awa 100 na dubawa a cikin aƙalla mako 100.

Bari mu tsaya a kan Kaliforniya mu ga yadda lissafin ke tafiya a aikace, tun da tsarinta ya fi yawan rassa. A ɗauka wata mata ce ta gama MSW, ta yi rajista, ta sami aiki a wata cibiyar lafiyar tunani ta unguwa. Idan ta raba 3,000 gida 104, za ta ga tana buƙatar kimanin awa 29 kowane mako, kuma ko ta kwana a wurin aiki ba za a lissafa mata fiye da awa 40 a mako ba. Duk makon da take son a lissafa mata, dole ta sami zaman dubawa guda, ko dai awa ɗaya ita da mai dubawa, ko awa biyu a cikin rukunin da bai wuce mutum takwas ba, kuma idan ganawarta da masu neman taimako ta wuce awa 10 a wannan makon, sai an ƙara mata wani zaman. Daga cikin makonni 104 ɗin, 52 sai sun kasance na zama ita kaɗai ko ita da wani mai koyo ɗaya. Daga cikin awa 3,000, aƙalla 2,000 sai sun kasance na aikin jinya, 750 daga cikinsu kuma na zaman jinya fuska da fuska. To, idan wani mako ya zo mai dubawar ya tafi hutu ba a sa wani a madadinsa ba, matar ta yi aikinta na kwana biyar, ta ga mutum goma sha biyar, an biya ta albashinta, amma a littafin hukuma wannan makon babu shi. Idan hakan ta faru sau goma a shekara ba ta lura ba, ta tura ranar samun lasisinta gaba da mako goma, wato fiye da wata biyu.

Maganin wannan shi ne takarda. A cike fom ɗin mako a ƙarshen makon, ranar Juma'a kafin a tashi daga aiki, a rubuta awannin kowane nau'i a gurbinsa, a sa mai dubawa ya sa hannu nan take, a ɗauki hotonsa a ajiye a wuri biyu. Kada a ce sai an taru za a kai masa, domin masu dubawa suna sauya aiki, suna ƙaura, suna rashin lafiya, wasu suna rasuwa, kuma awannin da babu sa hannu a kansu hukuma ba ta san da su ba, komai gaskiyar mai su. Haka kuma, tun ranar farko a shiga shafin hukumar a bincika lasisin mai dubawar, a tabbata yana da rai, babu takunkumi a kansa, kuma ya cika shekarun da jihar ta gindaya kafin mutum ya duba aikin wani. Na san mutanenmu suna jin nauyin bincikar babba, suna ganin kamar rashin kunya ne a ce wa shugaba ya nuna takardunsa. A wannan harka babu wanda zai ɗauke shi a matsayin raini, kuma binciken ma a intanet ake yin sa ba tare da an tambaye shi ba.

Akwai wasu ƙa'idojin Kaliforniya da ke kama mutane ba zato. Awannin da aka yi tsakanin ranar kammala digiri da ranar fitowar lambar rajista ana lissafa su ne kawai idan an nemi rajistar cikin kwana 90 da samun digirin, kuma wurin aikin ya riga ya ɗauki zanen yatsun mutum kafin ya fara tara awannin. Rajistar kanta ana sabunta ta duk shekara, kuma wa'adinta shekara shida ne. Awannin da suka haura shekara shida kafin ranar neman lasisi suna faɗuwa, wanda ke nufin macen da ta dakata don haihuwa da reno, ko namijin da ya koma gida jinyar iyaye, sai sun riƙa lissafin abin da ke zubewa ta baya yayin da suke tarawa ta gaba. Sannan mai koyon aiki ba ya karɓar kuɗi daga hannun mai neman taimako, ba ya kuma aiki a matsayin ɗan kwangila mai zaman kansa, sai dai ma'aikaci ko ɗan sa kai.

Ɗalibin da ya shiga ƙasar da bizar karatu yana da wata matsala ta dabam da ya kamata ya hango tun da wuri. Izinin aikin da ake ba ɗalibi bayan kammala karatu yawanci wata 12 ne, awannin kuwa suna neman aƙalla wata 18 zuwa shekara uku. Hukumar lasisi ba ta da ruwa da takardun zama, kuma rajistarta ba izinin aiki ba ce. Wanda ke cikin wannan hali ya nemi lauyan shige da fice tun yana shekarar ƙarshe a makaranta.

Jarrabawa

Ma'aikatan jin daɗin jama'a suna rubuta jarrabawar ƙungiyar ASWB, wadda ke da matakai biyar, amma biyu ne suka fi shafar mai son yin jinya: ta matakin digiri na biyu, wadda jihohi da yawa ke nema jim kaɗan bayan kammala karatu, da ta matakin jinya, wadda ake rubutawa idan an tara awanni. A tsarin da aka daɗe ana bi, tambayoyi 170 ne na zaɓi a kwamfuta cikin awa huɗu, 150 ake ba wa maki, sauran 20 na gwaji ne da aka cuɗa a ciki ba tare da alama ba, don haka kowace tambaya sai a ɗauke ta da gaske. Ƙungiyar ta sanar da sabon tsari daga 2026 mai ƙarancin tambayoyi, wanda aka karkasa gida uku, saboda haka littafin jagorar da za a yi amfani da shi ya zama na shekarar da za a rubuta. Kuɗin rajista ya kasance dala 230 ga ta digiri na biyu, dala 260 ga ta jinya, kuma wanda ya faɗi yakan jira kwana 90 kafin ya sake, ya kuma sake biya.

Masu ba da shawara suna rubuta ɗaya daga cikin jarrabawoyi biyu na hukumar NBCC, gwargwadon abin da jiharsu ta zaɓa. NCE tambayoyi 200 ne da suka ratsa fannin baki ɗaya, 160 daga ciki ake ba wa maki. NCMHCE kuwa labaran masu neman taimako ne guda 11, kowane ana bin sa daga ganawar farko zuwa zaman da ke biye, ana tambayar mai rubutawa cutar da ya gano da matakin da zai ɗauka, kuma ita Niyok da Kaliforniya da Filorida ke nema. Masu jinyar iyali suna da jarrabawar ƙasa ta AMFTRB mai tambayoyi 180 cikin awa huɗu, ko da yake Kaliforniya ta daɗe tana shirya tata.

Ya kamata baƙar fata, kuma wanda Ingilishi ba harshen uwa ba ne a wurinsa, ya san abin da ke gabansa. A Agusta 2022 ƙungiyar ASWB ta fitar da alƙaluman sakamakonta, inda aka ga cewa tsakanin 2018 da 2021 kimanin kashi 84 cikin 100 na farar fata suka ci jarrabawar jinya a zaman farko, baƙar fata kuwa kashi 45 kacal. Wannan tazara ta tayar da ƙura sosai, kuma a ganina ta cancanci hakan, domin unguwannin da suka fi ƙarancin masu jinya su ne ake tare wa 'ya'yansu hanya. Ilinoi ta riga ta cire jarrabawa daga sharuɗɗan lasisin matakin farko tun 2022, daga baya kuma ta buɗe wa wanda ya gwada ta jinya bai ci ba wata hanya ta ƙarin awa 3,000 a ƙarƙashin dubawa. Amma a mafi yawan jihohi jarrabawar tana nan daram, sai dai a shirya mata. Jihohi da dama suna ba wanda Ingilishi ba harshensa na farko ba ne ƙarin lokaci, wasu har da damar shiga da ƙamus, da sharaɗin ya nema a rubuce kafin ya zaɓi ranar zama. Wannan haƙƙi ne, kuma bai kamata girman kai ya hana mai digiri biyu neman sa ba.

Abin da ke ka da mutane a waɗannan jarrabawoyi sau da yawa ba rashin ilimi ba ne. Tambayoyin sukan kawo amsoshi da dukkansu suna da hankali, sannan a ce wanne za a fara yi. Misali, a ce wata mata ta zo ta bayyana cewa mijinta yana dukanta, dukan yana ƙaruwa, amma ba ta son rabuwa da shi. Zaɓi na ɗaya, a gayyato mijin a yi zama tare. Na biyu, a ba ta shawarar ta koma gidan mafaka yau. Na uku, a auna girman haɗarin da take ciki, a tsara da ita yadda za ta kare kanta. Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram, inda irin wannan magana ake kai ta gaban waliyyi da dattawa a yi sulhu, hannunsa zai tafi kan na ɗaya, kuma sulhu abu ne mai daraja da ya ceci gidaje da yawa. Amma amsar da ake nema ita ce ta uku, domin zama da mijin yana iya jawo mata dukan da ya fi na baya idan sun koma gida, kuma ba a tuntuɓar kowa a kan maganarta sai da izininta a rubuce. Na biyun ma bai yi ba, tun da ya yanke mata hukuncin da ita ce ke da ikon yanke shi. Tsarin tunanin da jarrabawar ke bi shi ne a fara da tsaron rai, a bincika kafin a ɗauki mataki, a tabbata ba ciwon jiki ne ke haddasa alamun ba, a kuma mutunta zaɓin mai neman taimako matuƙar yana cikin hankalinsa. Hanyar saba wa kai da wannan ita ce yin jarrabawar gwaji ta hukumar da ke shirya ta, da agogo a gaba, sannan a zauna da kowace tambayar da aka faɗi a gano dalilin da ya sa amsar da aka zaɓa ta zo ta biyu.

Dokar jiha da ladubban sana'a

Ban da jarrabawar ƙasa, jihohi da yawa suna gwada sanin dokarsu. Kaliforniya tana da jarrabawar doka da ladubba mai tambayoyi 75 cikin minti 90, kuma mai koyon aiki sai ya zauna mata kowace shekara har ya ci kafin a sabunta masa rajista. Teksas tana da tata da ake yi ta intanet, Filorida tana neman kwas na awa takwas, Niyok kuma tana neman kwas kan gane cin zarafin yara da kai rahotonsa.

Jigon wannan ɓangare shi ne sirri da iyakarsa. A 1969 wani ɗalibi a jami'ar Kaliforniya da ke Bakli ya gaya wa mai jinyarsa cewa zai kashe wata budurwa, bayan wata biyu kuma ya kashe ta. A 1976 kotun ƙolin jihar ta yanke, a shari'ar da aka sani da Tarasoff, cewa mai jinya yana da alhakin kare wanda aka yi wa barazana. Jihohi da yawa sun bi sahu, amma ba duka ba: Teksas ba ta ɗora wannan wajibi ba, ta dai halatta a sanar da 'yan sanda ko ma'aikatan lafiya. Cin zarafin yaro kuwa kai rahotonsa wajibi ne a kowace jiha, kuma zato mai tushe ya isa, ba sai an sami hujja ba. A Kaliforniya ana bugawa ta waya nan take, a bi da rubutaccen rahoto cikin awa 36. Wanda zai yi aiki da iyalan Afirka ya karanta da kyau inda dokar jiharsa ta ja layi tsakanin horo da cutarwa, domin bulalar da a gida ake kira tarbiyya, idan ta bar tabo, a can tana iya zama abin da doka ta tilasta masa ya kai gaba.

Akwai kuma batun alaƙa biyu, wato a ce mai jinya yana da wata alaƙa da mai neman taimako ban da ta jinya, batun da zai fi matsa wa Bahaushe fiye da abokan aikinsa. A wuri kamar Bironks ta birnin Niyok, inda masu jin Hausa daga Gana da Nijar da Najeriya ke haɗuwa a masallatai da bukukuwan suna, mai jinyar da ke jin harshen zai ga ana turo masa matar abokinsa ko ɗan limamin unguwa. Ladubban sana'ar sun hana yi wa dangi da abokai jinya, sun kuma yi gargaɗi mai ƙarfi kan shiga ciniki ko bashi da mai neman taimako da karɓar kyauta mai tsoka daga gare shi. Inda jama'a ba su da yawa kuma haɗuwa ba ta da makawa, abin yi shi ne a tattauna tun a zaman farko yadda za a gaisa idan an haɗu a waje, a rubuta a fayil, a kuma kai maganar gaban mai dubawa.

Bayan an sami lasisi

Lasisi yana da wa'adi, kuma sabunta shi yana tare da ƙarin karatu: awa 36 duk shekara biyu a Kaliforniya, awa 36 duk shekara uku ga ma'aikatan jin daɗin jama'a a Niyok. Takardun shaidar kwasa-kwasan sai a adana su, domin hukumomi sukan zaɓi wasu su ce a kawo.

Wanda zai ƙaura zuwa wata jiha zai nemi ta amince da lasisinsa, kuma tana iya neman ganin takardun awanninsa na shekarun baya, don haka ba a zubar da su ko bayan an gama. Domin sauƙaƙa wannan ne jihohi suka ƙulla yarjejeniyoyin aiki a tsakaninsu, ɗaya ta masu ba da shawara, ɗaya ta ma'aikatan jin daɗin jama'a, wadda Mizuri ta fara sa wa hannu a 2023 kuma ta cika jihohi bakwai da ake buƙata a 2024. Yarjejeniyar tana aiki ne tsakanin jihohin da suka shiga kawai, kuma har zuwa 2025 Kaliforniya da Niyok ba su shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba. Kaliforniya dai tana da gajeriyar hanya ga wanda ya riƙe cikakken lasisin wata jiha na aƙalla shekara biyu ba tare da takunkumi ba: ba za a sake ƙirga masa awanni ba, amma sai ya yi wasu kwasa-kwasai, ciki har da na dokar jihar da na al'adun mazaunanta, sannan ya ci jarrabawar doka da ladubba kafin a ba shi lambarsa.